Farin Ƙyallen Malam Bitrus

Da saukar ruwan farko na bana, shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar Malam Bitrus, hedimastan makarantar mishan ta 'yan Katolika da ke hayin rafinmu a ƙasar Tsaskiya. Ni ba ɗan'uwansa ba ne, addininmu ma ba ɗaya ba, kuma a farkon zamansa da mu ko gaisuwarsa ba na amsawa da daɗin rai. Amma ranar da aka binne shi ina tsaye a bakin kabarin har aka watse. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutun. Abin da idona ya gani zan faɗa.

A zamanin En'e ne dagaci ya aiko cewa kowane gida ya ba da yaro ɗaya a sa shi boko. Makarantar En'e tana Safana, ta yi wa ƙaramin yaro nisa. Ta mishan kuwa daga ƙofar gidana ana hango kwanon rufinta, a unguwar Maguzawan da suka shiga addinin Kirista. Ina da maza biyu da suka isa riƙe fartanya, sai na tura su gona na miƙa ƙanwarsu Rakiya, don a ganina ita ce ba za a ji rashinta ba. Haka na yi lissafi a lokacin, Allah ya yafe mini.

Tsarin makarantar ko mu da ke gona mun haddace shi da kunne. Ƙararrawarsu wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a jikin maɗaci. In aka buga na farko, yara sun kama shara ke nan. Na biyu su yi layi, Malam ya bi su yana duba farce da haƙora da bayan kunne. Daga nan 'ya'yan Kirista su shiga ɗakin ibada, 'ya'yan Musulmi kuma su zauna gindin maɗaci wani babban yaro yana yi musu bitar lissafi. Da hantsi a dama musu madarar gari a raba a gwangwani. Da azahar a tashi, ran Juma'a kuwa tun da wuri yake sallamar namu.

Iyaye ba mu iya karatu ba, takarda ba ta da amfani a wurinmu. Shi kuma ya lura saƙon da aka sa a bakin yaro yakan sake kama kafin ya haye rafi. Sai ya mai da ranar kasuwa ranar ganin iyaye. Yakan ajiye bencinsa kusa da masu gishiri, inda ba magidancin da ba ya ratsawa, ya tare mutum da fara'a: wane, ɗanka yana gyangyaɗi a aji, da asuba kake tura shi kiwo ne? Wane, 'yarka tana tari, a kai ta asibiti. Ni kuwa da na hango bencin sai in zagaya ta wajen masu tukwane, in sayi gishiri a hannun 'yan talla.

Da damina ta tsaya ya kira taron iyaye a filin makaranta, kan maganar rafi. Na ƙi zuwa, domin filin yana gaban ɗakin ibadarsu, ga gicciye a sama. Maimakon haka na kafa wa Rakiya dokar kaina. Kada ta sha madararsu, kada ta ci abincinsu, kuma na riƙe kunnenta na ce: "Ko me ake yi a duniya, magariba ta same ki a gidan nan. Ranar da kika kwana a can, ba ni ba ke." Shekarunta tara. Ta ce, "To, Baba." Ban taɓa faɗa mata magana sau biyu ba.

Ranar da abin ya faru gero ya fara fid da kai. A wurinmu ko yayyafi ba a yi ba, can yamma wajen daji ne ruwan ya zuba. Gab da azahar, ba a kai ga tashin yara ba, ina noma sai na ji wani ruri kamar mota tana tahowa. Rafin da yara suka tsallake da safe ruwa iya idon sawu ya taso jawur, yana tafe da itatuwa da karan darni. Na jefar da fartanya na sheƙa.

A bakin rafi na tarar da iyaye zaune a inuwar tsamiya, hankali kwance. Maƙwabcina Buba, Bafulatani, 'ya'yansa biyu suna makarantar, yana ta ɓare gyaɗa.

"Kaɗo, wannan gudu fa? Kura ce ta biyo ka da rana tsaka?"

"Yara, Buba! Yara suna hayi!"

"To mu namu a aljihu muka sa su? Ɗaga kanka ka dubi maɗaci."

Na duba. An ɗaura doguwar gora a saman bishiyar, farin ƙyalle yana kaɗawa a kanta.

"Da ka zo taro da ka sani," in ji Buba. "Amma kai shehun malamai, kana tsoron gicciye ya diro ya kama ka. Ka ga dutsen can da mata ke wanki a kansa? In ruwa ya rufe shi, ba yaron da zai haye. In Malam ya ƙirga 'ya'yan wannan gefen ya ga sun cika a hannunsa, sai ya ɗaga farin ƙyalle. Can za su kwana. Zauna ka ci gyaɗa."

Ban iya zama ba. Su hankalinsu ya kwanta ne don 'ya'yansu sun san iyayensu sun yarda. Ni kaɗai na san abin da na faɗa wa tawa, ga rana kuma tana sauka.

La'asar ta yi sanyi lokacin da na hango ta. Wata 'yar mitsitsiya ta fito daga bayan aji da gudu, allonta a ka, ta nufo ruwa kai tsaye. Na yi ihu har maƙogwarona ya tsage, amma rurin ruwa ya haɗiye muryata. Gyaɗar Buba ta zube. Ta sa ƙafa, ruwa ya kai mata gwiwa, ya fizge allon ya tafi da shi. Sai ga Malam, dogon mutum da gajeren wando, ya faɗo bayanta, ya cafke ta ta ƙugu. Tana shure-shure, tana miƙo hannu wajena. Muna kallo ta kafa masa haƙora a hannu, bai sake ta ba.

Ya fito da ita tudu, ya ɗora ta a kafaɗarsa, ya juyo da ita tana fuskantata. Ya tsaya haka, bai motsa ba. Buba ya dafa ni, wannan karon ba wasa a muryarsa: "Idi, ba za ta ji maganarsa ba. Kai take jira." Murya ba ta hayewa. Na rasa yadda zan yi, sai na tuɓe farar taguwata, na karɓi sandar Buba na ɗaura ta, na ɗaga sama iya tsawon hannuna. Rakiya ta dubi rigata, ta waiga ta dubi ƙyallen da ke kan maɗaci. Na ga jikinta ya saki. Ta kwantar da kanta a kan na Malam. Ni kuma na zauna daɓas cikin laka, ba riga, ina kuka a gaban mutane.

Da hantsin washegari ruwa ya janye, Malam da kansa ya hayo da yaran, ƙanana a wuyansa. Rakiya ta ba uwarta labari: 'yan mata a ɗakin matarsa Saratu suka kwana, an ba su buta da tabarma, babban yaron nan ya ja su sallah, tuwon kuma da miyar kuka aka yi ba nama, don kada wani uba ya yi tambayar yanka. Malam ya iso ƙofar gidana hannunsa naɗe da tsumma. Na shirya jin faɗa, na san na cancanta. Muka gaisa har ƙarshe, sannan ya ce: "Malam Idi, Allah ya ba ka 'ya mai jin magana. Irinsu sai an auna abin da za a faɗa musu." Bai ƙara ba. Ya nemi ruwa ya sha a ƙwaryar gidana, ya koma.

Tun daga nan ban sake zagaya bencin ba. Tabon cizon bai ɓace ba har ya mutu. In muka haɗu a kasuwa yakan nuna wa mutane ya ce, "Ga hatimin gidan Malam Idi." Rakiya ta yi karatu, ta yi aikin ungozoma a Batsari har ta ajiye. Yaran da ta karɓi haihuwarsu ba su ƙirguwa. In na tuna taku kaɗan ne tsakaninta da tsakiyar ruwan nan, kuma maganata ce ke tura ta, sai in yi hamdala in sake yi.

Yau an yi gada a kan rafin, gwamnati ta daɗe da karɓar makarantar, ƙarfen ƙararrawar ma ba a san inda ya shiga ba. Jikokina suna da waya, makarantar 'ya'yansu tana turo saƙo, wani lokaci har sati ya wuce ba wanda ya buɗe. Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga wannan. Ina jin zai yi murna da gadar, zai kuma sayi wayar. Amma ran kasuwa zai ɗauki bencinsa ya ajiye kusa da masu gishiri, don shi bai yarda saƙo ya isa ba sai ya ga fuskar uban yaro.

Bai bar gida mai bene ba, ko hotonsa ba ni da shi. Ranar da zan fara wannan rubutu na tambayi Rakiya abin da take tunawa da shi. Yanzu ita ma da furfura. Ta ce, "Baba, na cije shi da dukan ƙarfina, har na ji gishirin jini a bakina. Bai sassauta ko kaɗan ba."

Maɗacin yana nan. Duk ranar da rafi ya yi ruri, har yau can idona yake fara zuwa.