Fara a Hular Tafinta

Maigidana tafinta ne a asibitin Maraɗi zamanin Nasara, kuma tun ranar da ya soma sa takalmi sau-ciki ya yanke hukunci cewa fara abincin ƙauye ce. Ni kuwa 'yar Jiratawa ce, da fara aka yaye ni. Ya kawo ni Sabon Gari, ya ce gidan ma'aikaci ba a soya ƙwaro. Na bi, ina shan shayi da burodi ina haɗiyar yawu.

Cikina na fari ya zube. Da na sami na biyu sai na ɗashe, tafin hannuna ya yi fari fat, in na ɗaga tulu jiri ya kwashe ni. Na tsorata ƙwarai, don kuwa da haka na farkon ya soma.

A lokacin akwai wani likita Bature mai binciken jinin mata masu ciki. Sai ya ja fatar idonki ƙasa ya leƙa, ya tambayi abin da kike ci. Ranar da na je, matan Tsibiri ne a gabana, cikin idonsu jajur, suna ta ɓoye ƙullin fara a gefen zane don sun ɗauka hanawa za a yi. Da ya iso kaina ya leƙa, ya girgiza kai. Ya karɓi ƙullin wata, ya ɗaga fara ɗaya a gaban hancina, ya zuba dogon Faransanci.

Mai fassarar kuwa maigidana ne. Ya yi gyaran murya, ya dubi rufi.

"Lokotoro ya ce jininki ya yi ƙasa. A ci hanta da zogale."

Na ce, "Malam, wagga da ke hannunai fa? Zogale ce?"

Matan Tsibiri suka tuntsure da dariya. Ƙasa-ƙasa ya ce, "Da ita."

Kasuwar Maraɗi cike take da fara, amma can kowa ya san shi. Sai ya hau keke har Jiratawa wurin innata, surukar da ko ido ba ya haɗawa da ita. Ita ta ba ni labari daga baya. Ya durƙusa a zaure, ya gaishe ta, ya sake gaishe ta, ya tambayi gero, ya tambayi awaki, har rana ta karkata. Da ta gaji sai ta ce daga bayan zana, "A tambayi baƙo, ɗiyata lahiya?"

Nan fa ya fito fili ya ce, "Inna, jini ne babu. Kada in rasa ta. Hwara nika so."

Ya dawo da ita cikin hularsa ta ma'aikata, a rufe da hankici. Ya zauna bakin murhu yana cire mata ƙafafu da fukafukai da hannunsa. Ranar dai na raga masa, don tausayi ya ba ni.

Na haihu lafiya, 'ya mace, da kukanta mai ƙarfi. Hular nan ba ta daina ƙanshin fara ba, kuma da ita a kansa ya tarbi mutane ranar suna.