Kaza a Hulata, Jini a Kaina

Salamu alaikum jama'a. Wata huɗu ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa na mutu, ku yi haƙuri, na ba ku kunya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Baban Ramatu mai gyaran keke a Tsohon Birnin Gwari, wannan da ke hawa keke mai taya ɗaya ranar kasuwa. A aji huɗu na firamare boko ya sallame ni, don haka kada ku duba rubutu.

Keken nan ba shi da burki, ƙafarka ce burki. Sai na gani a waya wai in ƙarfen feda gajere ne an fi gudu. Rabin bayanin na saurara. Na sa mai walda ya rage mini yatsu uku kowane gefe. Rabin da ban saurara ba shi ne: gajeren ƙarfe ba ya tsayar da taya a gangara.

Ina da hular kwano. Ranar da zan gwada sabon ƙarfen na ɗauko ta, na tarar kaza ta kwanta a kan ƙwai a ciki. Uwar Ramatu ta ce, "Malam, kore ta mana." Na ce ni ba na tayar da mai jego.

Da hantsi na bi gangaren kufai, inda aka ce mutane sun watse tun zamanin yaƙe-yaƙen kakannin kakanninmu. Ganuwar ta zube, kukoki ne kawai a tsaye. Feda ta fi ƙarfina. Na danna baya, ta wurga ni gaba.

Da na buɗe ido, ko kukan tsuntsu babu. Wani tsoho na tsugune a kaina, da warki da kwari a kafaɗa. Ya ce, "Ka yi saurin zuwa." Sai na ji tayar tana ƙas, ƙas, ƙas.

Wani Bafulatani mai kiwo ya kawo ni gida. Na kakkaɓe riga, har na ba da labari ana dariya.

Kwana uku, ciwon kai. Kwana shida, amai, cokali na faɗuwa daga hannuna na dama. Ƙas-ƙas ɗin kuma bai tsaya ba, ko a salla. Yayana ya ce mutanen kufai ne na taka. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, na sha rubutu har na ƙoshi.

Rana ta tara matata ta ce, "Baban Ramatu, ga koko."

Na ce, "Wace ce Ramatu?"

Ta ce, "Bar wasan nan." Na dube ta. Ba wasa nake ba.

Ramatu 'yata ce ta fari, tana koyon aikin jinya a Kaduna. Aka kira ta, ta zo ranar. Na ga baƙuwa ta haska mini fitilar waya a ido. Ta ce wa yayana, "Baffa, ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗaya girma. A ci gaba da addu'a, amma a cikin mota."

A asibiti aka tura ni cikin na'ura kamar gawa a makara, aka ɗauki hoton kai. Likita ya ce, "Jini ne ya taru yana danne ƙwaƙwalwa. Da kun ƙara kwana biyu, da wata maganar ake." Masarar bana duk ta tafi a aikin. Suka aske ni, suka huda ƙoƙon kai, suka sa roba jinin yana fita. Na ji tsoro. Ba na mutuwa ba, na in tashi ban san 'yata ba.

Da na farfaɗo, shiru. Ƙas-ƙas ya tafi. Wata na riƙe da hannuna. Na ce, "Ramatu, kin rame." Ta fashe da kuka, ni kuma na nemi koko.

Likita ya ce tsohon nan buguwar kai ce ta zana mini shi. Na yarda. Amma da na je yi wa Bafulatanin godiya, ya ce, "Baaba, kekenka fa da na zo a tsaye yake, ba a jingine ba. Shanu suka ƙi wucewa." Shekara bakwai ina hawansa, bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba. Yana can. Wanda ke so ya je ya ɗauka, na ba shi kyauta.

Na gode wa Allah, da likitoci, da uwar Ramatu, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Masu hawa, ku bar ƙarfen feda yadda ya zo sai kun iya tsayar da shi. Ku sa hula, ku ɗaure gwiwa da wuyan hannu. Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi yana dariya, a kai shi asibiti ranar.

Kazar ta ƙyanƙyashe tara, duk lafiya. Hulata ta yi aikinta, kai ne dai ba nawa ba.