Guntun Kusar da Ya Ƙi Fita

Har in mutu ba zan manta da ranar da aka cire mini ƙarfen ƙafa ba. Da sha ɗaya da kwata na safe al'amarin ya fara lalacewa, domin ina kwance, an kashe mini jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, idona yana kan agogon bango lokacin da na ji likita ya yi tsaki.

Ina lise, wato sakandare, a Dogon Dutsi kabu-kabu ya kayar da ni, ƙashin ƙwaurina ya karye, aka ɗaure shi da ƙarfe da kusoshi. Ƙashi ya warke lafiya. Unguwarmu ce ba ta warke ba. Wata maƙwabciya ta ce ƙarfe yana kiran aradu, daga nan na zama abin gudu duk damina. Hadari na haɗuwa sai bencinmu na aji ya koma nawa ni kaɗai. A gida Inna ta kan tura ni ɗakin ajiyar hatsi, tana cewa, "Ɗiyata, ba ƙinki nika yi ba, ƙannenki nika ji ma." Kawuna kuwa, ɗan kasuwa mai wa'azi, kullum faɗa yake yi cewa wannan camfi ne. Amma da an yi tsawa sai ya tuna bai kulle shago ba.

Na karanta darasin lantarki har na haddace, sai dai kunya ba ta barina in yi musu da kowa. Na dai nace a cire ƙarfen, ko na koma cikin mutane.

Ashe ƙashi ya riga ya haye bakin ƙarfen. Aka yi ta sassaƙa, aka yi ta murɗa, kan kusa ɗaya ya siɗe, daga baya ta karye. Likita ya ce haƙo guntun zai iya sake karya ƙafar, gara a bar shi. Na koma gida da sanduna, ga miki yana ruwa, ga Inna ta riga ta zaga unguwa neman addu'a. Kafin magariba kowa ya san saura rabin kusa. Mata suka zauna lissafi: wasu suka ce haɗarin ya ragu, wata ta ce ai ƙarami ya fi tsini. Hadarin farko na wannan shekara a cikin buhunan gero ya same ni, ina kuka.

Yanzu na san cewa abin da kunya ta hana ka tambaya, maƙwabta ne za su amsa maka shi. A lokacin, sai da muka koma duba mikin na tattara ƙarfin hali. Inna da Kawu suna tsaye, na ce, "Likita, wai guntun nan zai ja mini aradu?"

Ya cire tabarau, ya dube ni, ya dubi Kawu.

"Malam, da mi aka rufe gidanku?"

"Kwano," in ji Kawu.

"Da mi aka kafe shi?"

"Kusa."

"To, idan hadari ya taso, ku fito duka ku ɓuya bayan yarinyar ga. Duk gidan ita ce mai ƙarancin ƙarfe."