Ranar da Ƙasa-ƙasa Ya Ce A Ɗaga

Yayana kafinta ne, ni ma haka. Shagonmu ɗaya, kuma zarton kirki ɗaya ne a cikinsa, wanda muke faɗa a kansa tun muna samari. Amma in ka shigo layinmu ka ce kafinta kake nema, ni za a nuna maka. Shi sai dai ka ce Ƙasa-ƙasa. A filin bayan makaranta ya samo sunan, inda yake koya wa yaran unguwa ƙwallo da yamma, domin daga farkon atisaye har a tashi ba ka jin komai a bakinsa sai, "Ƙasa-ƙasa, yara. A ajiye ta ƙasa."

Wanda ya san shi da ƙuruciya dole ya yi dariya. Ɗan baya ne, irin waɗanda ba su san komai ba sai duka. In ƙwallo ta zo masa, narka ta yake yi, ta faɗa duk gidan da Allah ya nufa. Sai da gwiwarsa ta lalace ya koma kallo daga gefe, sannan kunyar irin wasansa ta kama shi. Ya taɓa ce mini, "Shekara da shekaru ina cikin fili, ashe ban taɓa buga ƙwallo ba. Korar ta kawai nake yi."

To a kan yaran mutane ya zo ya huce. Da la'asar zai kwashi guntayen katako a buhu, ya ɗebi dusar katako a bokiti, ya bar ni da aikin mutane. Da dusar yake ja layi, da guntayen yake nuna wa kowa wurin tsayuwarsa. Idan gola ya riƙe ƙwallo, 'yan baya biyu su buɗe, ɗaya dama ɗaya hagu, ɗan tsakiya ya sauko ya tsaya inda za a gan shi. Gola ya gangara wa na kusa, na kusa ya ba wanda ba a tsare ba, in hanya ta toshe a mayar wa gola a sake lale. Kafin ƙwallo ta iso ka, ka waiga ka san wanda ke bayanka. Wanda duk ya ɗaga ta sama don tsoro, sai ya fito ya zauna kusa da bokitin dusa ya yi kallo.

Da farko sun sha kashi har na daina tambayar yadda aka tashi. Iyaye suna gefe suna ihu a ɗaga, shi ko a jikinsa. Abin da ya riƙe yaran alkawari ne guda, wanda yake maimaita musu kafin kowane wasa: "Duk ƙwallon da aka ci mu kuna kan bin maganata, tawa ce. Wanda zai yi zagi ya zo ya zage ni." Yaran sun yarda da shi, kuma a hankali abin ya zauna. Sai ka ga ƙwallo ta taso daga hannun gola ta bi ƙafa bayan ƙafa har gaban ragar abokan hamayya, ba wanda ya taɓa ta a cikinsu. Ni da nake masa tsiya, na fara rufe shago da wuri ina bin sa.

A cikin yaran nasa babu kamar Dogo, ɗan mai facin taya na bakin titi. Yaro ne siriri, mara magana, wanda in an matsa masa sai ya ƙara natsuwa. Shi ne ɗan bayan da gola ya fi ba ƙwallo. Yayana ba ya yabon yaro a gabansa, amma a shago ya ishe ni da zancen Dogo har nakan ce masa ya je ya roƙa a ba shi riƙonsa.

Sai ga su a wasan ƙarshe na kofin yara. Fili ya cika, har matar yayana, wadda ta ce ƙwallo ta raba ta da mijinta, ta zo ta tsaya da lema. Ana kunnen doki, lokaci ya kusa cika. Kocin ɗaya ɓangaren ya san halinmu, ya turo yaransa masu gudu suka yi dafifi a bakin ragarmu. Golanmu ya gangara wa Dogo ƙwallo kamar kullum. Na ga Dogo ya waiga, ya ga ɗan tsakiyarmu shi kaɗai a hagu, ya gyara jiki zai ba shi. Yara biyu suna tahowa kansa a guje, jama'a suna ta ihun da suka saba.

Ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da yayana, don haka ba labari aka ba ni ba. Ya haɗa hannu a baki ya ce, "Dogo, ɗaga ta!"

Yaron ya tsaya da ƙafa a sama, ya juyo ya dubi inda muke. Bai ba da ita ba, bai ɗaga ba. Suka zare ta daga gabansa suka jefa a raga, ba a daɗe ba alƙalin wasa ya hura usur.

Mutane suka yi ca a kan Dogo. Ubansa ya kutso, hannu duk baƙin taya, ya tsaya gaban yayana.

"Kai ka koya masa ya tsaya kamar gunki ana kwashe masa ƙwallo?"

Na zuba wa yayana ido ina jiran alkawarin nan. Ya dubi mai faci, ya dubi taron da ya zagaye su.

"Yaro ne," in ji shi. "Tsoro ne ya kama shi, ya rikice. A yi masa haƙuri."

Dogo yana tsugune kusa da su yana kwance igiyar takalmi, kuma ya ji. Ni da ban ce komai a filin ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari a shago yayana ya yanke ƙyauren wata mata ya gaza tsawo, abin da bai taɓa yi ba. Na ajiye guduma na ce, "Yaya, na fa ji ka jiya."

"Kowa ma ihu yake yi."

"Kowa ba shi ne koci ba. Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa."

Ya ɗauki ƙyauren ya juya shi ya sake juyawa, kamar zai ƙara tsawo don an kalle shi. Can ya ce zai je gidan su Dogo da yamma. Yamma ta yi ya ce gobe, gobe ta yi ya ce sai uban ya huce. Kunya ce ta hana shi zuwa, kuma kowace rana da ta wuce sai ta ƙara masa wata. Kafin nan yaran layi sun laƙaba wa Dogo suna Gunki, har ƙananan da ba su je kallon ba suna bin sa da shi. Ya daina zuwa atisaye.

Matarsa ce ta gaji da ganin yana juya cokali a kwano, ta ce ko ya je ko ita ta je. Na raka shi. Muka tarar da mai faci yana ɓare taya daga ƙarfenta, Dogo kuma yana gefe ya tsoma tub a bahon ruwa yana neman inda iska ke fita. Yayana ya cire hula, ya faɗi komai yadda ya faru. Mai faci ya saurara, sannan ya fashe da dariya.

"To ai gaskiya ka gaya masa, Koci, shi ne ya ƙi ji. Da ya ɗaga da yanzu kofi yana hannunku. Kar ka damu, na kai shi wurin kocin tsallaken titi, shi ba ya wannan wasan 'yar tsana a bakin raga."

Yayana ya juya wurin yaron. "Dogo, laifina ne. Ka yafe mini, ka dawo."

Dogo bai ɗago daga bahon ba. "Ba komai, Koci. Ihun mutane ba ya shiga kunnena, kai ka koya mini. Muryarka ce na sani, shi ya sa na tsaya."

Har yau yayana yana kwasar dusarsa da la'asar. Ya tara yaran ya gaya musu abin da ya yi, wasu suka gane, wasu suna ta wasa da ƙasa. Alkawarin nan kuwa bai ƙara furta shi ba, ya ce bakinsa ya yi masa nauyi.

Kwanan baya aka haɗa mu wasa da 'yan tsallaken titi, Dogo yana buga musu baya. Ya ƙara tsawo, ya yi ƙarfi. Sau da yawa ƙwallo ta zo masa babu kowa kusa da shi, abokinsa yana gefe yana ɗaga hannu, amma ko waiwaye bai yi ba, sai dai ya maka ta gaba. Duk bugu jama'a su tafa, ubansa yana dukan ƙirji. Su suka ci.

Da aka tashi ya ratso fili ya zo har inda muke, ya rusuna ya gaida yayana da ladabi, ba gatse a fuskarsa ko kaɗan.

"Koci, ka gani? Yanzu ba na tsayawa."

Da ƙyar yayana ya ce, "Na gani." Yaron ya koma wurin sababbin abokansa, shi kuma ya sunkuya yana tsince guntayen katakonsa ɗaya bayan ɗaya, bai yarda mun haɗa ido ba har muka isa gida.