Yaya a Ɗakin Gwajin Fitsari

Yayan matata ne ya koya mini tuƙin tirela. Lokacin da na zo Greensboro ina wanke-wanke a wani gidan abinci, shi yake ɗaukata duk Lahadi zuwa wani fili a Pleasant Garden inda direbobi ke ajiye motocinsu, yana koya mini ja da baya har na samu lasisi. Mutum ne mai kamun kai, ko a falonsa ban taɓa ganinsa babu hula ba. Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Baban 'yan biyu.

Kwatsam aka yi masa gwajin fitsari a kamfaninsu, aka ce an ga alamar wiwi. Ya ce wani mai ne na ciwon gwiwa da ya saya a shagon gidan mai, yana ɗiga shi a ƙarƙashin harshe. Matata ta yarda nan take. Ni ban ce ƙarya yake ba, ban kuma ce gaskiya ne ba.

A ƙasar nan, wanda ya faɗi wannan gwajin ba ya sake taɓa babbar mota sai ya ga wata ma'aikaciya mai ba da shawara kan shaye-shaye, ya gama karatun da ta ɗora masa, sannan ya samu kamfanin da zai yarda ya ɗauke shi. Yaya ya yi duka, amma duk inda ya nema sai su duba sunansa a kwamfuta su ce za su kira shi. Ya koma jera kwalaye a wani sito. A lokacin ina da tirela biyu, ɗaya a ajiye babu direba. Matata ba ta roƙe ni ba, sai dai ta daina hira idan muna cin abinci. Na ɗauke shi. Ya yi gwajin komawa aiki ya ci, ya hau mota.

Abin da ban hanga ba shi ne yanzu ni ne ubangidansa. Ma'aikaciyar ta aiko mini da tsari: za a ci gaba da gwada shi ba zato ba tsammani, ni zan zaɓi ranakun, kuma haramun ne in sanar da shi kafin lokaci. Da zarar na faɗa masa, dole ya tafi nan take. Idan ya yi jinkiri, daidai yake da ya sake faɗuwa.

Wata Litinin da safe ya sauke kaya a cikin gari, na kira shi.

"Yaya, don Allah a yi haƙuri. Yau ne gwajin. A wuce asibitin nan yanzu."

Ya ce, "To."

Ina da manhaja a waya mai nuna inda motocina suke. Na zuba mata ido. Motar ta hau Gate City Boulevard, ta wuce kwanar asibitin, ta shiga bayan wani kantin kayan abincin Afirka ta tsaya. Na jira ta motsa, ba ta motsa ba. Na kira, bai ɗauka ba. Na sake kira. Abin da na daɗe ina dannewa a raina ya taso: ashe mutumin nan yana sha.

Matata ta ga ina neman makulli ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya, na fita.

Na same shi zaune a kujerar direba, inji a kashe, hannuwansa a kan sitiyari. Na hau ta ɗaya ɓangaren.

"Yaya, lokaci na tafiya."

"Ina azumin Litinin. Babu abin da zai fito."

"Nafila ce, za ka iya karyawa." Sai bakina ya suɓuce. "Idan da wani abu a jikinka, gara ka faɗa mini yanzu."

Ya juyo ya kalle ni. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"Kai ma?" Ya mayar da kansa ga gilashi. "Ka san yadda suke yin gwajin nan? Sai ka ɗage riga, ka sauke wando har cinya, ka juya a gaban wani ƙato ya tabbatar ba ka ɓoye komai ba. Sannan ya tsaya yana kallonka kana yi. Wancan karon sai da na kwana uku ban iya haɗa ido da iyalina ba. Ina da jika, Baban 'yan biyu."

Na karanta wannan a takarda, amma ban taɓa kawo Yaya a raina da hularsa a cikin wannan ɗakin ba. Kunya ta rufe ni. Na ce, "Idan ba ka je ba, shi ke nan tuƙi. Ni ma ba ni da ikon rufa maka asiri."

Na sauka na shiga kantin na sayo ruwa. Ya daɗe yana riƙe da gorar kafin ya yi bismilla ya sha.

A motata muka tafi. Matar da ke karɓar mutane a asibitin ta dubi agogo, ta dubi takardar, ta tambayi abin da ya tsayar da mu. Na ce wurin ajiye tirela muka nema, wanda rabin gaskiya ne. Ta rubuta wani abu, aka shiga da shi. Ba a jima ba ya fito, fuska a murtuke: ya kasa yin fitsarin. Suka ce yana da awa uku, ba zai bar ginin ba, ga ruwa a kofi. Muka zauna kusa da juna, talabijin na ta surutu a bango. Matata na ta kira ina kashewa. Mai kayan da ke jiran lodin yamma shi ma yana kira. Yaya ya sake shiga, ya sake fitowa hannu wofi. Saura kaɗan lokacin ya cika ya miƙe da kansa, ya cire hularsa ya miƙo mini, ya bi mutumin da ke sa ido a gwajin.

Wannan karon ya daɗe. Da ya fito ya karɓi hular ya ce, "Mu je."

Sakamakon ya zo ranar Alhamis, babu komai a jikinsa. Na kira shi yana hanyar Virginia na faɗa masa. Ya ce, "Na sani," ya tambaye ni inda zai ɗauki lodi na gaba.

Sauran gwaje-gwajen duk ya je da kansa, bai sake tsayawa a hanya ba. Da ya cika shekara a wurina wani babban kamfani ya ɗauke shi, ya zo har gida ya yi mini godiya kamar yadda ake yi wa baƙo. Muna gaisawa, muna cin tuwon sallah tare, 'yan biyu na hawa jikinsa. Tambayar da na yi masa a cikin motar nan kuwa, har yau babu wanda ya sake tayar da ita, kuma matata ba ta san na yi ba.