Ranar da Na Ƙi Cire Matan Ruga

Har gobe ba zan manta ranar da na ƙi cire matan ruga daga lissafi ba. Ku sababbin zuwa, ku saurara.

Daminar bara aka ɗauke mu aikin gwada wasu sababbin tambayoyi na gano damuwar da ke kama mata bayan haihuwa. Ni zan yi wa mai jego sababbin, gajeru. Sista Hajara, ma'aikaciyar jinya, ta yi mata tsofaffin, dogayen da likitoci suka daɗe da yarda da su. Ba na ganin nata, ba ta ganin nawa. In sakamako ya zo ɗaya, sabon ya karɓu. Kamar dai a gwada sabon mudu da tsoho.

A Tambuwal da Jabo komai ya tafi daidai. Muna shiga rugagen Fakku abu ya karkace. Akwai tambayar da ke cewa: kina wasa da jaririnki, kina jin daɗin nuna shi? Mai ɗan fari a ruga ce za ta ce e? Wata Inno ta ja mayafi ta ce ita ba ta san wani yaro ba, alhali ga shi goye a bayanta, ɓul-ɓul. Kunya ce kawai. Gwajina ya ce ba ta da lafiya, na Sista ya ce garau take. Haka muka yi ta samu.

Shugaban aikin, Malam Sanusi, ɗan Kebbe ne, ya fi ni sanin wannan kunyar. Amma ana jiran rahotonsa ya nuna sabon gwajin ya karɓu. Ya ce in ware masu ɗan farin nan, a ce ba su cika sharaɗi ba.

Na ce, "Malam, in an cire su yau, gobe wa za a auna da gwajin? Ba su ba? A laƙaba wa mace ciwon kai tana lafiya lau, da wane ido za a dube ta a ruga?"

Ya ce, "Ke ɗiyar ga, bakinki ya fi ki girma. Akwai masu jiran aikin ga."

Na ce su zo, amma da hannuna dai ba za a yi ba.

Sista ma ta ƙi sa hannu, dole sakamako ya tafi Sakkwato da matan a ciki. Da aka fito da sunayen masu aikin zagaye na biyu, babu nawa. Shi ya sa kuke ganina nan asibiti ina yanka wa marasa lafiya kati, kuma ban je roƙon kowa ba.

Abin da aikin ya koya mini ke nan: in mudu biyu suka saɓa, mudun ake gyarawa, ba a zubar da geron.