Bencin Baya a Tafoki

Jiya ruwan farko ya sauka a kan kwanon cocinmu na Sheme, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai. Shi ne babban dattijon ikkilisiyarmu. Sulhu nasa ne, gaida marasa lafiya nasa ne, ko ƙusa ba a saye sai ya amince. Amma Lahadi ɗaya a kowane wata ba ma ganinsa.

A shekarar da rufinmu ke yoyo, na samo mai kwano da zai yi mana rangwame, amma ranar Lahadin da Baba ba ya nan zai wuce garin Sabuwa da kayansa. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, na san ciniki ba ya jira. Na bi sawun Baba har wata 'yar coci ta laka a Tafoki.

A bencin baya na same shi, ba takalmi, hularsa a kan gwiwa. Wani saurayi ke wa'azi yana inda-inda, Baba kuwa ya ba shi kunne kamar bai taɓa jin Kalmar Allah ba. Da aka ɗauki waƙa, sai hawaye suka bi gemunsa. Na kasa taɓa shi har aka tashi.

Na ce, "Baba, yanzu kam mai kwano ya tafi."

Ya ce, "To, ya sauka lafiya. Ɗana, a can ni ke raba tuwon. Nan nake zuwa in ci."

Damina guda muka yi muna sujada ana tarar ruwa da robobi, kwanon kuma daga baya muka saya da tsada. Na sha auna abin, ban taɓa ganin mun faɗi ba. Ubangiji ya ba shi hutun da yakan je nema a bencin nan.